Yaƙin Sallau Mai Faci da Injin Haƙar Dankali

Da sunan Wanda ya ɓoye dankali a ƙarƙashin ƙasa, ya kuma ba ɗan Adam ƙugun da zai duƙa ya tono shi. Wannan shi ne tarihin Sallau ɗan Nomau Maƙeri, jikan Korau mai zugazugan fatar bunsuru, tattaɓa-kunnen Jatau Na-Bakin-Wuta, wanda maruwaita suka haɗu a kan cewa shi ne ya ƙera fartanya ta farko a Kwarin Tumfafi tun garin yana bukka bakwai da rijiya ɗaya. Gida ne da ƙarfe ke jin takun mutanensa ya fara laushi tun ba a hura wuta ba. Daga wannan tsatso mai albarka Sallau ya fito, gwarzo ɗan gwarzo, uban sifana, dodon lanƙwasasshen gargare, mai koya wa sarƙa ladabi, na gindin darbejiya ba ka tashi sai rana ta faɗi, guduma ba ki san na gida ba!

Shi dai bai zauna a maƙera ba. Tun yana ɗan shekara goma sha bakwai, a zamanin da ango ba ya cika ango sai da keke, ya ajiye masaba ya ɗauki filaya, ya kafa sansaninsa a gindin darbejiyar bakin kasuwa, ya shekara arba'in da huɗu yana faci da ɗaurin waya. A cikin waɗannan shekaru ya tsaya a kan aƙida guda biyu, waɗanda ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai saki ɗaya ba: ƙafa sai ta zama zagayayya, sarƙa kuma sai ta ɗame. Duk abin da ke ƙara, a wurinsa, marar lafiya ne. An ruwaito da isnadi mai ƙarfi cewa yakan ji keke tun daga bayan masallacin Juma'a ya faɗi mai shi, ya faɗi notin da ya kwance, har ya faɗi watan da mai keken ya yi ƙaryar cewa ya zuba masa mai.

Sai babur ya ci garin da yaƙi. A hankali ya ci shi, gida gida, har kekuna suka koma rataye a zaure gizo-gizo yana saƙa a wayoyinsu. A shekarar da wannan waƙi'a ta auku kekuna tara suka rage a Kwarin Tumfafi, uku daga ciki na mamata ne da magada ba su raba ba. Sallau yakan fito da sassafe ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni daga babba zuwa ƙarami, ya zauna. Masu wucewa, waɗanda a da suke ce masa sannu da aiki, suka koma ce masa sannu da hutawa, kuma ba da mugun nufi ba, abin da suka gani ne suka faɗa. Wannan gaisuwa ta fi masa zagi ciwo. Yakan amsa da murmushi, amma in ya koma gida tuwo ba ya wuce masa.

Ana nan, ran wata Talata da hantsi, bayan damina ta yi sallama kuma dankali ya ƙosa a kunyoyi, sai ga wata babbar mota ta shigo gari ɗauke da abin da ƙungiyar manoman dankali ta shekara uku tana buri, wato injin haƙa. An shafe shi da jan fenti, kuma tarakta ke jan sa. A gabansa akwai baki mai faɗi irin na garma, wanda ke shiga ƙarƙashin kunya ya ɗago ta gaba ɗaya. Bayan bakin akwai wata sarƙa mai faɗin tabarma, an yi ta da sandunan ƙarfe a jere da 'yar tazara a tsakaninsu. Ita ke ɗaukar ƙasar da dankalin ta hau da su sama, ƙasa ta zube ta tsakanin sandunan, dankali ya faɗo ta baya tas, sai dai a tsinta. Aikin da ƙarti ashirin ke yi a yini da fartanya, suna sassare rabin dankalin, an ce shi zai gama kafin azahar.

Wakilin masu sayarwa, wani mai hular hana-sallah da gaggawa a jiki, ya sa Ilu direban tarakta ya haɗa injin ya tayar da shi a wofi a gaban jama'a. Nan take ƙasa ta ɗauka. Karaf-karaf-karaf, sarƙar tana gudu tana tsalle tana kaɗa haƙora, kaji suka watse, wani jaki da ke ɗaure ya tsinke igiya. Maza suka yi kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Wakili ya ɗaga babban yatsa, ya miƙa wa Alhaji Barau, shugaban ƙungiya, littafin bayanin injin, ya faɗa mota ya ƙara gaba. Alhaji Barau kuwa ya karɓi littafin da hannu biyu, ya kai gida ya kulle a adaka tare da takardun gona, don kada ya yi datti.

Mutum ɗaya ne bai yi kabbara ba. Sallau yana tsaye a gefe, ya karkatar da kai, kunnensa yana shan abin da bai taɓa sha ba tun da uwarsa ta haife shi. A ce sabon inji, ko fentinsa bai gama bushewa ba, yana wannan kuka, kuma gari guda yana tafi! Tausayi ya kama shi, na injin da na mutanen.

Kafin a watse Alhaji Barau ya hau kan turmi ya yi shela. Jibi Alhamis za a gwada injin a gonar Gwaggo Tabawa, domin tata ce ƙasar ta fara tsagewa kuma ƙwaro ya fara shiga yana huda dankali. Bayan gwajin ƙungiya za ta naɗa mai kula da inji, wanda zai riƙe makullin rumfar da za a gina masa, ya shafa masa mai, ya bi shi gona gona har ƙarshen kaka, bana da baɗi da duk shekarun da Allah ya nufa. Sunaye biyu ne a bakin jama'a, na Ɗanjuma mai gyaran babur, da na Sallau saboda furfurarsa. Sallau ya san sarai wannan ce ƙofa ta ƙarshe da sana'a za ta buɗe masa, in ta rufe kuwa shi da buhunsa sai ranar da aka zo ɗaukarsa.

Da yake babu wata inuwa mai faɗi a bakin kasuwa sai ta darbejiyarsa, nan aka kwance injin aka ajiye.

Alhaji Barau ya ce, "Malam Sallau, ga amana nan. Ka sa masa ido, in ka samu sarari ka ɗan shafa masa giris."

Malaman tarihi sun yi saɓani a kan ko Alhaji ya ƙara da kalmar "kawai". Shi Alhaji ya rantse ya faɗa. Sallau ya rantse bai ji ba. Ilu direba, wanda ke wurin, ya ce shi a lokacin yana ƙulla goro a haɓar rigarsa.

Laraba ranar kasuwar maƙwabta ce, don haka tun da farar safiya garin ya kwashe, har da Ɗanjuma, aka bar tsofaffi da awaki. A wannan safiya ce sadauki ya yi shirin fama. Ya zura rigar aikinsa wadda giris na shekara ashirin ya mayar da ita sulke, ya yi ɗamara da tsohon tif na keke, ya soke sifana mai lamba goma sha huɗu a dama da mai lamba goma sha bakwai a hagu, ya rataya guduma, ya cika baki da goro, ya dubi gabas ya dubi yamma bai ga mai hana shi ba, sa'an nan ya kwanta rigingine ya kutsa ƙarƙashin abokin gaba domin leƙen asiri.

Abin da ya gani a can ya sa ya yi salati. Da farko dai sarƙar sako-sako take, har mutum zai iya ɗaga ta da dunƙulen hannu. Wannan ma da sauƙi. A ƙarƙashinta, ɗaya a dama ɗaya a hagu, akwai wasu 'yan ƙafafu masu haƙora waɗanda sarƙar ke bi ta kansu, kuma wallahi ba zagayayyu ba ne. Dogaye ne, siffar ƙwan agwagwa. Duk juyin da suka yi sai dogon gefen ya hankaɗa sarƙar sama, ta dawo ta faɗi, karaf. Ya juya ɗaya da hannu, ya sake juyawa. Shekara arba'in da huɗu yana miƙar da ƙafafun da suka karkace da faɗin farce, yau ga waɗanda suka karkace da yatsa uku an shafa musu fenti an kawo wa mutanen garinsa.

Hukuncinsa bai ɗauki lokaci ba. Ko dai an danne injin a hanya ƙafafun suka motse, ko kuwa masu sayarwa ne suka ce ai ƙauyawa ne, babu wanda zai leƙa ƙasa. To, sun manta da gidan Nomau. Ransa ya ɓaci, amma a ƙarƙashin ɓacin ran, gaskiyar magana, murna ce fal. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ya daka wa sarƙar tsawa, "Yau ko ni ko ke!"

Aka gwabza. Notin farko ya miƙa wuya ba gardama, domin ya ji labarin wanda ya zo. Na biyu ya ƙi, ya kafe, ya ce shi ba a haife shi don a kwance shi ba. Sallau ya yi masa ruwan kananzir, ya ba shi wa'adin taunar goro ɗaya, ya zura bututu a kan sifana don ƙarin tsawo, ya dafe da ƙafa biyu, ya kira sunan Korau da na Jatau, ya ja. Notin ya saki gaba ɗaya, hannun jarumi ya wuce ya daki sandar ƙarfe, fatar yatsu uku ta sale, kuma wannan shi ne jinin farko da aka zubar a wannan yaƙi. Ya tsotse, ya tofar, ya ci gaba. Rana ba ta kai tsaka ba sai da ƙafafun nan biyu suka zo hannu a matsayin fursunoni.

Ya tasa su gaba zuwa gida, inda uwar maƙerar mahaifinsa ke ajiye a bayan rumbu, kaji suna ƙwai a gindinta. Ya kori kajin, ya hura gawayi, ya jefa fursuna ta farko a wuta har ta yi ja, ya ɗauko ta da awartaki ya aza, ya ɗaga masabar gado sama da kansa.

"Miƙe, don ubanki!"

A bugu na uku ta fashe gida uku. Ƙarfen zubi ne, irin wanda ake narkawa a zuba a mazubi, ba ya lanƙwasuwa sai dai ya tsage. Nomau da ƙwanƙwasa ɗaya zai gane haka, amma ɗansa ya bar maƙera tun bai kai wannan darasi ba. Sallau ya dubi gutsattsarin ya gyaɗa kai, domin a ganinsa ga hujja nan ƙarara cewa jabu aka sayar musu. Wani mai ƙaramar zuciya da nan zai tsaya ya yi tunani. Shi kuwa namiji ba ya barin fage da sauran abokin gaba a tsaye, don haka ya jefa ta biyu a wuta, ita kuma ta fashe gida huɗu.

Bai damu ba, domin Allah ba ya barin mai tara tarkace. A ƙasan akwatinsa akwai wasu zagayayyun ƙarafa biyu na tsohon injin markaɗe, waɗanda bel ke hawa, ya shekara goma sha ɗaya yana ajiyarsu matarsa tana cewa ya zubar. Zagayayyu ne kamar an zana da bakin ƙwarya. Ya goge raminsu da magagari har suka shiga daidai, ya ɗaure su a gurbin waɗancan, sa'an nan ya juya kan sarƙar kanta, ya zare mata sanduna biyu, ya haɗe bakin, ya ɗame ta tam har in ka ƙwanƙwasa sai ta yi amo. Daga ƙarshe, da yake shi mai riƙon amana ne, ya shafa giris.

Da la'asar sakaliya ya kama ƙarfen da ke juya sarƙar ya murza da hannu. Ta tafi sumul. Babu karaf, babu tsalle, sai wani ɗan siririn sauti kamar na keken ɗinki mai lafiya. Ya murza ya sake murzawa, idanunsa suka kawo ruwa. Ya tattara gutsattsarin nan bakwai ya zuba a aljihu domin gobe, ya tafi gida ya ci tuwo malmala biyu.

Ranar Alhamis, wadda za a daɗe ana ba jikoki labarinta, Kwarin Tumfafi ta fito ƙwanta da kwarkwata zuwa gonar Gwaggo Tabawa. An riga an yanke ganyen dankalin an kwashe wa dabbobi, kunyoyi suna kwance a jere, ƙasa ce ta kwari mai danƙo da sauran laima. Mata suka zo da kwanduna da buhuna. Alhaji Barau ya zo da babbar riga da lema. Ita Gwaggo Tabawa, tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai wadda babu bikin da aka yi a garin ba ita ta tankaɗe garinsa ba, ta zauna a kan kututture tana kallo.

Ilu ya haɗa inji ya tayar. Tarakta ta yi gurnani, sarƙa ta fara tafiya, amma shiru. Ya waiwaya, ya kashe, ya sake tayarwa.

Ya ce, "Baba Sallau, lafiya kuwa? Yau ban ji tana magana ba."

Sallau ya ce, "Da ciwo ne ke sa ta surutu. Na yi mata magani. Ja mu je!"

Jama'a suka ɗauki sowa. Alhaji Barau ya dubi Sallau da wani irin kallo na girmamawa wanda rabon da Sallau ya ga irinsa tun zamanin kekuna. Ɗanjuma ya duƙa zai leƙa ƙarƙashi, aka ture shi, wani ya ce masa hassada ga mai rabo taki ce.

Sai runduna ta motsa. Sallau a gaba, ƙirji a buɗe, sifana a ɗage, tarakta tana biye da shi, injin yana biye da tarakta, mata da kwanduna suna biye da injin. Bakin injin ya nutse ƙarƙashin kunya ta farko, kunya ta ɗago, ta hau sarƙa cikin natsuwa da mutunci, ta tafi sama ba ta girgiza ba ko sau ɗaya, ba ta zubar da ƙasar da za ta cika ludayi ba, ta kai ƙarshe, ta sauka ta baya ta kwanta yadda take, dankalinta a cikinta, asirinta a rufe. Mata suka duƙa da kwanduna ba su ga abin tsinta ba. Suka bi, suka ƙara bi. Ilu ba ya waiwaye, yana kallon gaba ne don kada ya kauce layi, Sallau kuwa janar ne, janar ba ya duba baya.

"Gaba dai! Kada ku raga mata!"

Haka aka ci kunya ta farko da yaƙi, aka ci ta biyu, aka shiga ta uku, kuma tarihi bai taɓa ganin mamaya mai tsabta irin wannan ba, domin duk ƙasar da aka ƙwace an mayar wa mai ita nan take ba tare da ta yi ciwon kai ba. Abin da kawai ya sauya shi ne gonar Gwaggo Tabawa ta matsa kudu da kamu ɗaya. Sai da Alhaji Barau ya yar da lema ya ruga gaban tarakta yana ɗaga hannuwa aka tsaya. Aka tattara ganima aka ajiye a gabansa, dankali huɗu ne, ɗaya ma a yanke.

Alhaji ya ce, "An cuce mu! Wallahi an cuce mu!"

Sallau ya ratso taro ya ce, "Ƙwarai kuwa an cuce mu, Alhaji, kuma ga shaida." Ya zura hannu a aljihu ya zazzage gutsattsari bakwai a ƙasa. Nan ya tsaya ya ba da rahoton yaƙi tiryan-tiryan, da bakinsa, babu wanda ya tambaye shi: yadda ya samu ƙafafu a karkace, yadda ya kai su wuta suka tona wa kansu asiri, yadda ya musanya su da zagayayyu, yadda ya zare sanduna biyu. Yana gamawa ya tsaya jiran kabbara. Ba a yi ba. Ɗanjuma ya tsuguna ya haɗa gutsattsari uku wuri ɗaya, ya dube su, ya dafe kai.

Gwaggo Tabawa ta taso daga kututture tana dogara sanda. Ta san Sallau tun yana zuga wa ubansa wuta, don haka ba ta da wata lema da za ta riƙe masa.

Ta ce, "Ɗan Nomau, waɗannan ne suke sa ta tsalle ran Talata?"

"Su ne, Gwaggo. Na kuwa raba ta da su har abada."

Ta karɓi kwando daga hannun wata mata, ta sa aka ɗebo mata ƙasar kunya da dankalinta aka zuba, ta ɗaga shi daidai hancinsa ta riƙe cak.

"Me ka ga ya zuba?"

"Babu."

Ta girgiza kwandon, ta buga gefensa da tafin hannu, ta sake girgizawa. Ƙasa ta dinga zuba ta ramukan har kan takalmansa, dankali uku suka bayyana suna birgima.

Ta ce, "Shekara sittin ina tankaɗe, ban taɓa ganin rariyar da ta yi aiki a tsaye ba. Abin nan rariya ce aka sa wa taya. Masu shi suka yi mata hannun girgiza, kai kuma ka zo ka karya hannun, ka ce ka yi mata maganin karkarwa. Yanzu ga ƙwaro yana ci mini dankali, ga 'yan ƙwadago duk an sallame su sun tafi wasu garuruwa saboda an ce inji ya zo. Sannu, likita."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar muni. Sallau ya buɗe baki zai ce ƙafa dai sai ta zama zagayayya, sai ya fasa. Ya dubi ƙasar da ke kan takalmansa. A karo na farko a rayuwarsa ya gane akwai ƙarar da ba ciwo ba ce, kuma ya gane hakan a gaban mutum ɗari biyu. Ya ji da ma kunyar nan ta uku ta ɗago ta rufe shi.

Ɗanjuma ya buga waya birni. Aka ce irin waɗannan ƙafafun sai an aiko da su daga nesa, sati uku in Allah ya kiyaye hanya. Nan take, a tsaye, ƙungiya ta yanke hukunci biyu ba tare da an ɗaga hannu ba. Na farko, makullin rumfa na Ɗanjuma ne. Na biyu, daga yau Sallau ɗan Nomau ba zai kusanci injin ƙungiya da wani abu na ƙarfe ba, ko da allura ce. Alhaji Barau yana shirin ƙara na uku, Gwaggo ta katse shi.

"Hukunci ba zai tono mini dankali ba, Alhaji. A je gidana a ɗauko taɓarya. Wanda ya kashe mai girgiza, shi zai yi girgiza."

Aka ɗauko. Ɗanjuma ya mayar da sandunan nan biyu sarƙa ta saki jiki, aka nuna wa Sallau wata kafa a gefen injin, aka damƙa masa taɓaryar da ba ƙarfe ba ce, aka ce bismillah. Tarakta ta ja, shi kuma ya bi ta a duƙe, yana zungurar sarƙar daga ƙasa, karaf, karaf, karaf, ƙasa tana zubo masa a kai da wuya da cikin riga. Kuma, ikon Allah, dankali ya fara faɗowa ta baya. Ba tas ba, amma ya faɗo. Mata suka duƙa suka fara cika kwanduna, kuma kafin la'asar an gama gonar Gwaggo.

Kwana goma sha tara aka yi ana wannan jihadi, gona bayan gona. Kafaɗunsa suka kumbura, tafin hannunsa ya yi kanta, matarsa tana gasa masa baya da ruwan zafi kullum tana faɗin abin da ke bakinta. Amma ga wani abu da maruwaita suka ɓoye don kada su ɓata darasin labarin, mu kuwa ba za mu ɓoye ba: Sallau ya ji daɗin kwanakin nan. Tun da asuba ake aiko masa, domin tarakta ba ta motsi sai ya iso. A kowace gona ana ajiye masa furarsa daban. Ya gano cewa jigawa zunguri kaɗan take so don kada fatar dankali ta sale, ƙasar kwari kuwa sai an ba ta da ƙarfi, kuma ya fara yi wa Ilu tsawa in ya cika sauri. Har ya fara faɗa a majalisa cewa girgiza ma ilimi ce, ba kowa ya iya ba. Bai ƙara tambayar yaushe kaya za su iso ba, in wani ya tambaya a gabansa ma sai ya kawo wata maganar.

A rana ta ashirin da hantsi, ana tsakiyar gonar Alhaji Barau, sai ga Ɗanjuma a kan babur da wani ɗan kwali wanda bai fi burodi girma ba. Aka tsayar da tarakta. Ya buɗe kwalin ya fito da su, guda biyu, dogaye, da jan fentinsu. Sallau ya matso, ƙasa har cikin girarsa, ya leƙa ta bayan kafaɗar Ɗanjuma, hannuwansa a baya saboda doka.

Ya ce a hankali, "Har yanzu dai a karkace suke."

Cikin abin da bai kai dahuwar shayi ba Ɗanjuma ya ɗaure su, ya jefar da zagayayyun nan biyu gefen gona, Ilu ya tayar. Karaf-karaf-karaf-karaf, sarƙa ta ɗauki tsalle da kanta, ba gajiya, ba fura, dankali yana zubowa tas. Injin ya wuce, jama'a suka bi shi da sowa, ƙura ta lafa, aka bar gwarzo ɗan gwarzo, jikan Korau, tattaɓa-kunnen Jatau Na-Bakin-Wuta, tsaye shi kaɗai a tsakiyar gona riƙe da makaminsa.

Sai ya ji an taɓa masa gwiwar hannu. Gwaggo Tabawa ce.

Ta ce, "Ɗan Nomau, in ka gama da taɓaryata, ba ni. Ina da daka."